Yadda Ake Yin Burodi da Injin Gida a Zafin Legas

Duk wanda ya zauna a Agege ya san ba a rasa burodi a garin nan, domin tun da asuba masu talla suke fitowa da shi a faranti, ga mai shayi a kowace kwana ya jera nasa. Abin da yake sa mutum ya sayi injin yin burodi duk da wannan yalwa shi ne son sanin abin da ke cikin abin da iyalinsa suke ci. Hukumar NAFDAC ta daɗe da haramta sinadarin buromet da wasu masu gidan burodi suke zubawa don kwaɓi ya kumbura, kuma mai saye ba shi da hanyar ganewa da ido, amma wanda ya auna fulawarsa da hannunsa hankalinsa a kwance yake.

Injin da ake magana a kansa ƙaramin akwati ne mai murfi, a cikinsa akwai bokitin ƙarfe, a gindin bokitin kuma akwai 'yar muciya da take juyawa ta murza kwaɓi. Shi yake kwaɓawa, ya bar kwaɓin ya tashi, sannan ya gasa, duk a cikin kamar awa 3. Kamfanin Matsushita na Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, yana cikin waɗanda suka fara fitar da shi kasuwa a shekarun 1980, kuma har yau yawancin littattafan da suke zuwa tare da injinan an rubuta su ne don ƙasashe masu sanyi da wutar da ba ta yankewa. A nan matsalar take. Ranar da na fara amfani da nawa na bi littafin sau da ƙafa, burodin ya tashi har ya taɓa murfi, da aka shiga gashi kuma sai tsakiyarsa ta lotsa. Surukata, wadda ta zo mana daga Katsina a lokacin, ta ɗaga shi ta juya, ta ce, "Yarinya, wannan burodi ne ko akushi?" Bayan na ɓata fulawar da ta kai rabin ƙaramin buhu na gane cewa injin ba ya gani, ba ya kuma jin zafin ɗaki, agogo kawai yake bi, don haka dole mai shi ya zama idonsa.

Kafin a saya

A juya injin a karanta takardar da ke manne a bayansa ko a gindinsa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, injinan da aka shigo da su daga Ingila da sauran ƙasashen Turai kuma sun dace da ita, amma na Amurka bolt 110 zuwa 120 suke ɗauka, kuma idan aka jona su kai tsaye nan take za su ƙone. Wanda ya riga ya sami irin wannan sai ya haɗa shi da tiransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce na injin sosai. Yawancin injinan gida suna jan wat 450 zuwa 700 a lokacin gashi, wanda ke nufin ƙaramin janaretan nan na shago da ƙyar zai riƙe su idan akwai firiji a kai.

Idan ɗan Kwatano za a saya, a Alaba ko a wata kasuwa, kada a biya kuɗi sai an jona shi an ga muciyar tana juyawa, an kuma ji ƙarfen zafin ya ɗau ɗumi. Sannan a ciro bokitin, a zuba masa ruwa, a ajiye a kan takarda na minti 5. Idan takardar ta jiƙe, robar da ke kewaye da sandar muciyar ta mutu, kuma samun bokitin da zai dace da injin ya fi samun wani injin wuya.

Abu na biyu da za a saya, tun kafin fulawa, shi ne ƙaramin sikelin kicin mai auna giram. Mun saba da awon gwangwanin madara da kofi, kuma a tuwo ko fanke wannan ya wadatar domin hannu yana gyara kuskure. Amma kofi ɗaya na fulawa yana iya zama giram 120 yau, gobe ya zama 150 idan an danna shi, kuma wannan bambancin a kofi uku ya isa ya mayar da burodi dutse.

Kayan haɗi da awonsu

Ga awon da na tsaya a kansa na burodi mai nauyin giram 750, wanda shi ne matsakaici a yawancin injina: fulawa giram 450, ruwa mililita 270, sukari giram 45, bota ko man gyaɗa giram 30, madarar gari giram 20, gishiri giram 7, sai yis giram 4, wato cokalin shayi ɗaya da kwata. Wanda ya duba littafin injinsa yana iya ganin yis ɗin nan ya gaza wanda aka rubuta, kuma da gangan na rage shi. Kwaɓi ya fi son ɗumin da bai wuce digiri 24 zuwa 27 ba, alhali kicin a Legas, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, yana haura 30, ga kuma zafin da murzawar injin take ƙarawa. A irin wannan yanayi yis yana aiki da gaggawa, kwaɓin ya gama tashi tun agogon injin bai kai lokacin gashi ba, ya cika da iska har danƙonsa ya kasa riƙewa, sai ya rufta. Akushin da surukata ta gani ke nan.

Saboda wannan dalili ne kuma nake saɓa wa littafin a kan ruwa. Shi yana cewa a sa ruwa mai ɗumi, ni kuwa mai sanyi nake sawa, wanda ya ɗan zauna a firiji, in ban da 'yan kwanakin hunturu na Disamba da Janairu da ruwan randa yake wadatarwa. Idan ruwan rijiyar burtsatsen unguwa yana da gishiri-gishiri ko warin ƙarfe, kamar yadda ake samu a unguwannin da ke kusa da teku, a yi amfani da ruwan leda.

Fulawar da kamfanonin niƙa na Apapa da sauransu suke fitarwa don masu gidan burodi tana da danƙo isasshe, ba sai an nemi wata ta waje mai tsada ba. Abin lura shi ne sabuntarta. Wadda aka auno daga buɗaɗɗen buhu a kasuwa ta riga ta sha danshin iska, wani lokaci har da ƙwari, don haka a shinshina, a tankaɗe, a zuba a bokitin roba mai murfi. Yis kuwa a sayi busasshe mai ƙananan ƙwayoyi, wanda ake zubawa kai tsaye ba tare da an jiƙa ba. Da zarar an buɗe ledarsa a juye shi a kwalba mai murfi a sa a firiza, domin a kan kanta ƙarfinsa yana raguwa cikin 'yan makonni. Idan ana shakkarsa, a zuba cokalin shayi ɗaya a rabin kofin ruwa mai ɗumi da ɗan sukari, a jira minti 10. Idan bai yi kumfa ba a zubar, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Jera kaya a bokiti

A ciro bokitin daga cikin injin kafin a zuba komai, domin fulawar da ta zube a kan ƙarfen zafi tana ƙonewa ta cika gida da hayaƙi. A tabbatar an zaunar da muciyar a kan sandarta, kuma yana da kyau a shafa wa sandar ɗan mai don kada muciyar ta maƙale bayan gashi. Mantawa da muciyar kuskure ne da kusan kowa yake yi sau ɗaya, ya dawo bayan awa 3 ya tarar da gasasshiyar fulawa a kan ruwa.

Ruwa ne yake fara shiga, sai mai ko botar da ta yi laushi, sai sukari da madara da gishiri. A zuba fulawar a kai ta rufe ruwan gaba ɗaya, a yi ɗan rami da yatsa a tsakiyarta wanda bai kai ga ruwan ba, a zuba yis a ciki. Hikimar wannan jeri ita ce kada yis ya haɗu da ruwa ko gishiri kafin injin ya fara aiki. Wasu injinan, ciki har da na Panasonic da yawa, suna so a fara da yis a ƙare da ruwa, don haka a nan kam a bi littafin. A mayar da bokitin, a murɗa shi ko a danna har ya zauna daram, a zaɓi shirin farin burodi, wanda galibi shi ne lamba 1 kuma an rubuta masa Basic, a zaɓi nauyin giram 750, launin ɓawo kuma matsakaici. Idan an ƙara sukari ya wuce awon da na bayar, a zaɓi launi mai haske, domin sukari yana saurin duhunta ɓawo.

Minti goma na farko

Wannan shi ne wurin da burodi yake gyaruwa ko ya lalace, kuma shi ne wurin da masu tallan injin ba sa ambata, domin su cewa suke yi a danna maɓalli a tafi. Kada a tafi. Buɗe murfi a lokacin murzawa ba ya cutar da komai. Bayan minti 5 zuwa 10 da farawa a leƙa, a sa cokalin roba a kankaro fulawar da ta maƙale a kusurwoyi, sannan a dubi kwaɓin da kyau.

Kwaɓin da ya yi daidai yana dunƙulewa wuri ɗaya, sumul, yana zagaya bokitin yana ɗan manna a bango yana saki. Idan aka taɓa shi da yatsa zai ɗan kama yatsan amma ba zai biyo shi ba, laushinsa kamar na fatar kunne. Idan aka ga yana shafe a gindin bokiti kamar man shafawa a ƙarƙashin muciya, ruwa ya yi yawa, sai a ƙara fulawa babban cokali ɗaya, a jira minti 2 a sake dubawa. Idan kuma ya tsattsage, yana buga bango da ƙarfi, injin yana gurnani kamar motar da ke hawan gada da lodi, to ya bushe, sai a ƙara ruwa cokalin shayi ɗaya ko biyu. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, domin kwaɓi yana jinkirin nuna abin da aka yi masa, mai gaggawa kuma sai ya yi ta kai da kawowa tsakanin fulawa da ruwa har bokiti ya cika.

A damina, musamman Yuni da Yuli da ruwa yake kwana yana zuba, fulawa tana shan danshi tun tana cikin mazubinta, don haka nakan riƙe babban cokali ɗaya ko biyu daga ruwan tun farko, in ƙara daga baya idan kwaɓin ya nema. A hunturu akasin haka ake yi. Na ajiye ƙaramin littafi a kusa da injin inda nake rubuta abin da na ƙara ko na rage a kowane yi, da sunan fulawar, kuma shi ya fi min littafin kamfani amfani nesa ba kusa ba.

Tashi da gashi

Bayan murzawa injin zai yi shiru, kwaɓin ya tashi, ya ɗan juya shi don fitar da iska, ya sake barinsa. Idan aka ji juyin ƙarshe ya wuce, ana iya ɗaga kwaɓin da hannu mai mai, a zare muciyar, a gyara masa siffa a mayar, ta haka burodin ba zai fito da babban rami a gindi ba. Wannan ba dole ba ne. Abin da yake dole shi ne a leƙa ta gilashin murfi kamar minti 15 kafin gashi ya fara. Idan kwaɓin ya riga ya kusa bakin bokiti, samansa ya yi ƙyalli yana rawa, to ya wuce gona da iri, sai a soka masa tsinken sakace a wuri biyu ko uku don ya ɗan sauka, a kuma rubuta cewa gobe za a rage yis da kwatan cokali. Da zarar gashi ya fara, wanda yakan ɗauki minti 50 zuwa awa 1, kada a ƙara buɗe murfi.

Idan injin ya yi ƙarar nuna ya gama a ciro bokitin nan take da tsumma mai kauri, a kifa shi a girgiza burodin ya faɗo, a ɗora a kan raga ko wani abin da iska za ta ratsa ta ƙasa. Barinsa a ciki yana sa ya yi gumi, gefensa ya jiƙe ya yamutse. A shafa masa ɗan bota a sama idan ana son ɓawo mai laushi, sannan a haƙura awa 1 kafin a yanka, duk da na san yara za su kewaye tebur, domin cikinsa bai gama daidaita ba, wuƙa kuma za ta dame shi ya zama kamar ɗanye.

Idan aka ɗauke wuta

Injina da yawa suna riƙe shirinsu na 'yan mintuna bayan yankewar wuta, wasu 7, wasu 10 ko 15, kuma idan aka tayar da janareta a cikin wannan taƙi za su ci gaba daga inda suka tsaya. A nemi wannan adadi a littafin tun ranar farko a haddace. Idan lokacin ya wuce, abin yi ya danganta da inda aka tsaya. Idan ana cikin murzawa ne, a juye kwaɓin a ƙarasa da hannu na minti 10, ko a sake kunna shirin daga farko idan wutar ta dawo da wuri. Idan yana cikin tashi ne, a juye shi a kwanon gashi da aka shafa wa mai, a rufe, idan ya ninka a gasa a oben na gas a digiri 180 na minti 30 zuwa 35. Wadda ba ta da oben sai ta koma ga dabarar da iyayenmu suke gasa kek da ita: babbar tukunya mai kauri, yashi a gindinta, a rufe ta yi zafi na kwatan awa, a ɗora kwanon a kan yashin, a rage wuta, a ba shi kamar minti 40. Kada a sa bokitin injin kansa a kan yashi, robar gindinsa za ta lalace. Idan kuma gashi ya riga ya fara, a bar murfin a rufe, da wuta ta dawo a zaɓi shirin gashi kaɗai a ƙarasa, ana lura da launi.

Wannan ne ya sa ba na ba da shawarar amfani da agogon jinkiri, wanda ake saitawa da dare don a tashi a tarar da burodi da sahur ko da karin kumallo, sai ga gidan da ke da inbata mai ƙarfi. Ko a can ma kada a sa ƙwai ko madarar ruwa a kwaɓin da zai kwana a zafin nan.

Talge, don laushin burodin Agege

Burodin injin yakan fito da ɗan sakwa-sakwa, alhali bakinmu ya saba da na Agege mai laushi da jan danƙo, wanda ake yagowa a dangwali wake. Masu gidan burodi suna samun wannan ne da injin da yake matse kwaɓi tsakanin ƙarafa biyu sau da yawa, dabarar da ake danganta shigowarta Legas ga Amos Shackleford, mutumin Jamaika da ya yi suna da sana'ar burodi a garin nan a zamanin Turawa. A gida ana kusantar wannan laushi ta wata hanya da masu burodin Japan da Sin suke bi, wadda duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo za ta gane, domin talge ne. A ɗebi giram 25 daga fulawar, a dama da ruwa mililita 125, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kauri kamar koko, cokali yana barin layi a cikinsa. A sauke ya huce sarai. A zuba shi a bokiti tare da ruwa mililita 160, sai ragowar fulawa giram 425 da sauran kayan yadda suke. Fulawar da aka dafa tana riƙe ruwa fiye da ɗanya, shi ya sa burodin yake kwana biyu bai bushe ba. Wanda yake son ƙarin danƙo sai ya bar injin ya gama murzawa, ya kashe, ya sake kunna shirin daga farko don a murza sau biyu, amma da ruwa mai sanyi sosai.

Garin alkama da ake kawowa daga Arewa yana shiga wannan awo, sai dai kada a fara da shi zalla. A musanya kashi ɗaya cikin uku na fulawar, wato giram 150, a ƙara ruwa babban cokali ɗaya ko biyu, domin dusar tana shan ruwa tana kuma yanka danƙo, burodin ba zai kai tsayin fari ba.

Burodin gida ba shi da maganin hana lalacewa, kuma a danshin Legas funfuna tana iya kama shi a kwana na uku. Abin da ba za a ci a kwana biyu ba a yanka shi, a ɗaure a leda, a sa a firiza. Firiji kuwa yana sa shi saurin tauri.

Kwaɓi kaɗai

Shirin da aka rubuta wa Dough yana murzawa ya tayar da kwaɓi a cikin kamar awa 1 da rabi ba tare da ya gasa ba, kuma a gidana ya fi shirin burodi aiki. Da shi nake kwaɓin donot da na ƙananan burodi na makaranta, da awon nan na sama. Alkubus ma yana fitowa da kyau: rabin fulawa rabin garin alkama su kai giram 500, yis giram 4, gishiri cokalin shayi ɗaya, sukari babban cokali ɗaya, man gyaɗa babban cokali uku, ruwa kamar mililita 380, domin kwaɓinsa ya fi na burodi ruwa. A nan ba a neman ya dunƙule, ana so ne idan an ɗebo da cokali ya riƙa saukowa a hankali. Idan ya tashi a zuba a gwangwanayen da aka shafa wa mai zuwa rabi, a bar su minti 10, a turara minti 20 zuwa 25, a ci da miyar taushe. Gurasa ma haka, sai dai a gasa ta a kasko mai kauri tunda ba kowa ke da tanderu a gidan haya ba.

Fanke kam na gwada na koma ga hannu, ruwansa ya yi yawa, muciyar tana ratsa shi ne kawai ba ta buga shi. Kwaɓin cincin da na mitfai kuma kada a kusantar da su injin, domin su ba sa son danƙo, murzawar minti 20 za ta sa su yi tauri. Bayan kowane aiki a zuba ruwan ɗumi a bokitin ya jiƙa na minti 10, a zare muciyar, a wanke da soso mai laushi ba na ƙarfe ba, kada a tsoma gindin bokitin a ruwa, sannan a bar murfin injin a buɗe har cikinsa ya bushe kafin a rufe, saboda kyankyasai.